TARIHIN KEKE MAI NAƊEWA: DAGA BAYAN SOJA ZUWA ƘARƘASHIN BENCIN SHAGO

'Yan'uwa mazauna Agege da kewaye, tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 da aka yi shelar janye tallafin man fetur, babu wani magidanci a cikinmu da bai sake zama ya yi lissafin kuɗin motarsa ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin kwana biyu-uku, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000. Kafin wannan ma, a watan Yuni na 2022, gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba kuma ta ƙara 4, cikinsu har da Mushin da Oshodi-Isolo. To ka ga tafiyar da a da mutum zai yi ta ba tare da ya ji a jikinsa ba, yanzu sai ya yi shawara da aljihunsa.

A cikin wannan hali ne wasu daga cikinmu suka fara waiwayar keke, wato keken hawa, ba Keke Marwa ba. A wurin masu kayan gwanjo kuma muna ganin wasu ƙananan kekuna masu gaɓa a tsakiya, waɗanda ake naɗe su kamar tabarma a rungume. Da yawa a cikinmu suna wuce su, a zatonsu keken yara ne. Alhali kuwa wannan keke ya haura shekara 120 a duniya, ya je yaƙi sau biyu, kuma manyan injiniyoyi sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kansa. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa, domin wanda ya san dalilin da ya sa aka ƙera abu, shi ne ya san irin wanda zai saya.

ASALIN KEKE A TAƘAICE

A shekarar 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya fito da wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu. Ba shi da feda, sai dai mutum ya zauna yana tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 aka sa masa feda a tayar gaba a birnin Faris na ƙasar Faransa. Da yake juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, mai son gudu sai ya ƙara girman tayar gaba, har ta kai ana hawan keke kamar ana hawan raƙumi, faɗuwa kuwa ba a cewa komai. Sai a 1885 John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da keke mai suna Rover, mai tayu kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya tayar baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Daga nan keke ya ɗauki siffar da muka san shi da ita har yau.

Mai karatu ya riƙe maganar sarƙar nan, za mu dawo gare ta. Ita ce ta raba gudun keke da girman tayarsa, kuma ba don ita ba da ba a yi ƙaramin keken da babba zai hau ba.

SOJA NE YA FARA NAƊE KEKE

Tun kafin Rover ya bazu mutane suka fara tunanin yadda za a rage girman keke a lokacin da ba a kansa ake ba. Ana ambaton wani Bature ɗan Ingila, William Grout, wanda a 1878 ya yi keke irin mai dogon ƙafar nan da ake wargaza shi a sa a jaka. A Amurka kuma Emmit Latta ya sami takardar haƙƙin ƙirƙirar keke mai naɗewa a 1888. Amma waɗannan ba su yi kasuwa ba.

Wanda ya fara amfani da shi da gaske shi ne soja. A shekarun 1890 wani hafsan Faransa, Kyaftin Henri Gérard, ya haɗa kai da wani mai masana'anta, Charles Morel, suka fito da keken da ke naɗewa biyu, taya ta kwanta a kan taya, soja ya goya shi a baya da maɗauri. Dalilinsu a fili yake. A kan hanya mai kyau keke ya ninka mai tafiyar ƙasa sauri sau uku ko fiye, amma da an shiga gona ko rafi ko dutse sai ya zama kaya. To idan ana iya goya shi, an huta. Daga baya kamfanin Peugeot, wannan dai da muka sani da mota, shi ya karɓi ƙera shi, kuma sojojin Faransa sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi a 1914. Italiya ma ta bai wa rundunarta ta Bersaglieri keke mai naɗewa ƙirar Bianchi ta 1912.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, kamfanin BSA na birnin Birmingham ya ƙera wa sojojin laima na Ingila keke mai naɗewa fiye da 60,000 tsakanin 1942 da 1945. Noti biyu ne kawai masu kunnuwa, a kwance su da hannu, keke ya naɗe. Akwai hotunan sojojin Ingila da na Kanada suna sauka gaɓar Normandi a Faransa ranar 6 ga Yuni 1944 riƙe da kekunansu. Sai dai duk waɗannan kekuna na soja manyan tayu gare su. Ko an naɗe su, tsawo ne kawai ya ragu, ba za su shiga ƙarƙashin kujera ba.

ƘARAMAR TAYA TA SHIGO

Abin da ya sauya al'amarin tsadar mai ce, irin wadda muke ciki. A 1956 aka yi rikicin mashigin Suwais a Masar, mai ya yi wuya a Ingila har aka koma raba shi da kati. Wani injiniya mai suna Alex Moulton, wanda shi ne ya tsara robar da ke shanye gargada a ƙaramar motar nan Mini, ya koma hawa keke, ya kuma tambayi kansa: don me tayar keke za ta yi wannan girma? Bincikensa ya nuna masa cewa ƙaramar taya, idan aka cika ta da iska sosai, tana gudu yadda ya kamata a kan kwalta. Aibinta shi ne tana jin kowane rami. Sai ya sa wa kekensa roba gaba da baya don ta shanye bugun.

Ya kai wa kamfanin Raleigh wannan ƙira, suka ƙi. Sai ya kafa tasa masana'antar, ya fito da keken a 1962 da taya mai inci 16, kasuwa ta buɗe masa. Da Raleigh suka ga ciniki na wuce su, sai suka fito da nasu mai suna RSW16 a 1965, suka saye kamfanin Moulton ɗin a 1967, sannan a 1968 suka fito da Raleigh Twenty mai taya inci 20, wanda daga baya aka yi masa samfuri mai naɗewa. A Italiya kuma kamfanin Carnielli ya fito da Graziella a 1964, mai gaɓa ɗaya a tsakiya. Wannan siffa ta Graziella ita masana'antun Turai suka yi ta kwaikwayo har shekarun 1970.

Amma fa a nan ne keke mai naɗewa ya fara ɓata sunansa. Da yawa daga cikin na kwaikwayon nan nauyi gare su kamar buhun gishiri, ga gaɓar tana sassautawa, ga shi ko an naɗe su sai sun buɗe a hannu. Mutane suka saya don sha'awa, suka jingine a bayan ɗaki. A farkon shekarun 1970 wani injiniya ɗan Ingila, Harry Bickerton, ya yi nasa da alminiyam. Ya yi rashin nauyi ƙwarai, amma masu hawa suna kukan yana lanƙwasa a ƙarƙashinsu idan sun taka da ƙarfi. Wato dai an sami sauƙin ɗauka, an rasa ƙwari.

MUTUM BIYU DA AKA ƘI KAYANSU

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, farashi ya tashi, layin mota ya cika gidajen mai a Turai da Amurka. A shekarun da suka biyo baya ne mutum biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Kalifoniya, kowa ya zauna yana neman maganin matsala ɗaya: keken da zai naɗe ƙarami, kuma ya hawu kamar babba.

Na farko shi ne Andrew Ritchie, wanda ya karanta injiniya a Jami'ar Kambirij. Ya ga keken Bickerton, ya ce zai iya yin wanda ya fi shi. A 1975 ya fara aiki a ɗakin kwanansa, wanda tagarsa ke kallon wata majami'a mai suna Brompton Oratory, daga nan keken ya sami sunansa, Brompton. Dabararsa ita ce naɗi uku. Tayar baya ta juyo ta shige ƙarƙashin firam, gaban keken ya naɗo ya kwanta a gefenta, kan keken ya faɗo ƙasa, sannan a tura sandar sirdi ciki ta kulle komai. Sarƙa tana komawa tsakiya, saboda haka baƙin mai ba ya taɓa rigar mutum ko ta maƙwabcinsa a jirgi. Idan an gama naɗi, tsawonsa da tsayinsa kowanne bai kai santimita 60 ba, kaurinsa kuma santimita 27.

Shi ma ya kai wa Raleigh, suka ƙi. Bankuna suka hana shi rance. Har ta kai yana roƙon mutane su biya kuɗin keke tun kafin a ƙera. Ya yi 'yan ɗaruruwa a farkon shekarun 1980, jari ya ƙare, aiki ya tsaya. Sai a 1988 ya samu ya buɗe ƙaramar masana'anta a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Brentford. Shekara 13 ke nan daga fara zane zuwa tsayuwar sana'a. A 2022 kamfanin ya ƙera kekensa na miliyan ɗaya, a Landan.

Na biyu shi ne Dakta David Hon, Basine mazaunin Amurka, masanin kimiyya da ke aiki a kamfanin Hughes Aircraft. Ya bar wannan babban aiki ya koma kan keke. Manyan kamfanoni suka ƙi ƙirarsa shi ma, sai ya tara jari ya kafa kamfaninsa a 1982, ya buɗe masana'anta a Taiwan. Shi ne Dahon. Hanyarsa ta bambanta da ta Ritchie. Yawancin kekunansa taya inci 20 ce, gaɓa ɗaya a tsakiya, naɗi biyu, kuma ana ƙera su da yawa a farashin da talaka zai iya kusanta. Mafi yawan kekuna masu naɗewa da ake gani a duniya a yau, ko da wane suna aka rubuta a jikinsu, wannan siffa suka bi. A 2011 matarsa da ɗansa suka ware suka kafa nasu kamfanin mai suna Tern, har aka je kotu, aka sasanta a 2013. Rikicin gado da na jari dai ba a kasuwarmu kaɗai yake ba.

Mu 'yan kasuwa akwai abin lura a nan. Mutum uku, Moulton da Ritchie da Hon, duk manyan dillalai sun raina kayansu, kuma duk kayan sun karɓu. Babban mai shago yakan auna sabon kaya da tsohon mai saye, ya manta akwai wanda bai taɓa shigowa shagon ba saboda babu abin da yake nema a ciki.

MASU DOGUWAR TAFIYA

Bayan waɗannan sai ƙira ta yi rassa. A 1987 Mark Sanders ya fito da Strida a Ingila, mai siffar kusurwa uku, wanda bel ne ke juya shi maimakon sarƙa, an yi shi don gajeriyar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. A wannan shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Montague a Amurka, masu naɗe keke mai cikakkiyar taya inci 26, wanda ke shiga daji da burji. A 1992 wasu 'yan'uwa biyu a garin Eugene na jihar Oregon suka fara Bike Friday, keken da ake ƙera wa mutum daidai tsayinsa, ya shiga akwatin tafiya a hau jirgin sama da shi. A 1995 kamfanin Riese & Müller na Jamus ya fito da Birdy, mai taya inci 18 da abin shanye gargada gaba da baya, kuma babu gaɓa a tsakiyar firam ɗinsa, don a can ne keke ya fi shan wahala.

Wanda ke shakkar ko ƙaramar taya za ta yi nisa, ya dubi Heinz Stücke, Bajamushen da ya bar garinsu a kan keke a 1962 ya shafe kimanin shekara 50 yana zaga duniya. A ƙarshen tafiyar tasa keke mai naɗewa ya koma hawa. Kamfanin Brompton kansa, bayan shekaru yana kan inci 16, a 2024 ya fito da samfuri mai taya inci 20 mai kauri saboda masu bin hanyar da ba kwalta.

MU DA KEKE

A ƙasar nan keke ba baƙo ba ne. Raleigh na garin Nottingham, wanda muke kira Rali, shi ne sarki, har tallarsa aka yi da hoton mutum yana tsere wa zaki a kan keke, kuma har masana'anta kamfanin ya kafa a Kano. Iyayenmu da suka zo Kurmi fataucin goro da shanu sun san darajarsa. Malamin makaranta, da akawu, da mai kai saƙo, duk a kansa suke. Mai sabon Rali yakan naɗe firam ɗinsa da leda mai launi, ya sa madubi biyu da fitila da ƙararrawa, ranar Juma'a a wanke shi kamar doki. Kenan yi wa keke ado da gyara shi daidai da bukata tsohuwar al'adarmu ce.

Kuɗin Udoji na 1975 da arzikin mai suka kawo babur da mota, sai keke ya koma alamar rashi a idon mutanen birni. A 2001 ministan sufuri na wancan lokaci, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma keke, har yana hawa zuwa ofis a Abuja. Mutane suka mai da shi abin dariya, musamman da wata mota ta ture shi a hanya. Amma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, lokacinta ne bai yi ba.

A nan Legas abin da ya hana mu keke ba kunya kaɗai ba ce. Mai ɗaki ɗaya da iyali, ina zai ajiye Rali? A bar shi a tsakar gida na haya, a wayi gari babu. A kai shi kasuwa, babu wurin jinginewa. Wannan ita ce ainihin matsalar da Ritchie da Hon suka zauna a kanta, domin su ma a birni mai cunkoso da tsadar ɗaki suke. Ga shi kuma tun watan Oktoba na 2024 jirgin ƙasa na Red Line yana ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a nan Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Tafiyar gida zuwa tasha, da tasha zuwa shago, ita ce irin wadda aka ƙera wannan keke dominta. Sai dai kafin mutum ya sa kuɗinsa da wannan niyya, ya je tashar ya ji ƙa'idarsu game da kaya.

ABIN DA TARIHIN YA KOYA WA MAI SAYE

Duk wanda ya bi labarin nan zai ga abu uku ne ake ja-in-ja a kansu tun zamanin Kyaftin Gérard: ƙanƙantar naɗi, daɗin hawa, da sauƙin kuɗi. Ba a taɓa samun keken da ya haɗa ukun ba. Saboda haka tambayar farko ita ce, sau nawa za ka naɗe shi a rana? Wanda zai naɗe sau huɗu, ya hau bene da shi, ya shiga mota da shi, inci 16 ne nasa. Wanda sai dare zai naɗe ya tura ƙarƙashin gado, ya ɗauki inci 20, ya fi haƙuri da ramukan titinmu. Wanda kuma ke son ya riƙa zuwa Sango-Ota ko Ifo ko ma Abeokuta, kada ya sauka ƙasa da inci 20 mai giya da yawa, in ya sami inci 26 mai naɗewa ya fi.

Na biyu, maganar taya. Wannan ita ce inda ake yawan yin asara. Inci 20 iri biyu ne, inci 16 ma iri biyu ne, kuma ba sa shiga juna. A duba gefen taya, akwai lamba kamar 47-406. Lambar ƙarshen ita ce faɗin rim a milimita. A inci 20 akwai 406 da 451, a inci 16 akwai 305 da 349. Mai 406 ita ce irin ta kekunan yara matasa, saboda haka tayarta da tib ɗinta ba sa wuyar samu a wurin masu kayan keke. Mai 349, wadda Brompton ke amfani da ita, da mai 451, da inci 18 na Birdy, sai an sha nema. Keken da babu tayarsa a garin da kake, ranar da ta fashe ya zama kayan ado.

Na uku, gudu. Masu cewa ƙaramar taya sai mutum ya yi ta taka feda kamar mai ɗinki, sun manta da sarƙar Starley. Ga lissafi. Babban keke mai taya inci 28, juyi ɗaya na tayarsa kimanin mita 2.2 ne. Idan faifan gaba yana da haƙori 46, na baya 18, taka feda zagaye ɗaya zai kai ka kimanin mita 5.6. Taya inci 20 kuwa juyinta kimanin mita 1.55 ne, amma idan faifan gaba 52 ne, na baya 14, zagaye ɗaya zai kai ka kimanin mita 5.8. Ka ga kusan ɗaya suke. Don haka a ƙirga haƙoran faifan gaba. Idan ƙaramin keke ne kuma faifansa bai wuce haƙori 40 ba, wannan na yawon unguwa ne.

Na huɗu, kuma shi ne ya shafi rai, gaɓa. A kayan gwanjo nan za a fara dubawa kafin fenti. A kulle keken, a riƙe birkin gaba, a tura shi gaba da baya. In an ji ƙas-ƙas ko motsi a gaɓar tsakiya ko ta wuyan kan keke, a bincika ko makullin ne ke son ɗauri ko kuwa gaɓar ce ta cinye. A goge wurin walda a duba da kyau ko akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Firam na baƙin ƙarfe mai walda zai iya taimakawa. Na alminiyam in ya tsage, a haƙura da shi, domin waldar bakin titi ba ta mayar masa da ƙarfinsa, kuma karyewarsa ba ta sallama. Haka nan sandar sirdi tana da layin da aka zana na iyaka, kada a zaro ta ta wuce nan. Yawancin waɗannan kekuna an ƙayyade musu nauyin kilo 105 zuwa 110. Ba su ne na goyon mutum ko buhun albasa ba, wannan aikin Rali ne.

Na biyar, a ɗaga shi. Na kirki yakan kama daga kilo 11 zuwa 14. A naɗe shi a gaban mai sayarwa, a ɗauka a yi taku 50. Abin da hannu ya gaya maka shi ne gaskiya. Sunan da ke jikin firam kuwa kada a dogara da shi kaɗai, sitika ba ta da tsada.

GYARA SHI DAIDAI DA KAI

Bayan saye, ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. A fara da taya mai kauri gwargwadon abin da firam zai ɗauka, a riƙa cika ta da iska daidai lambar da aka rubuta a gefenta, domin ƙaramar taya mai sanyin iska ita ce ke tsinke tib a bakin rami. A sa madigadi saboda damina, wadda ba gajeriya ba ce a nan Kurmi. A sauya sirdi idan yana ciwo, a ɗaga shi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Kaya kuma a ɗaura su ƙasa-ƙasa a kan kariya, kada a rataya leda a kan keke, don ƙaramar taya saurin juyawa gare ta. Masu babbar riga ko dogon wando su tattare, in da hali a sa wa faifan gaba murfi.

Game da giya, iri biyu ne. Akwai ta waje mai faifai 6 ko 7, wadda kowane mai gyara ya sani, amma a ƙaramin keke tana kusa da ƙasa, tana shan laka da duka. Akwai ta cikin cibiyar taya, irin mai hawa uku da Sturmey-Archer suka fara tun 1902, wadda dattawanmu suka sani a jikin Rali. Ba ta tsoron ruwa, amma in ta lalace sai gwani. Mai zirga-zirgar yau da kullum ta ciki ta ishe shi, mai doguwar tafiya ya nemi ta waje. Duk abin da za a ƙara, a naɗe keken a gani tukuna. Kwando ko madubin da ya hana naɗi ya kashe amfanin keken.

Sannan fitila gaba da baya, da ƙararrawa, da hular kwano. Titin Legas ba ya ragowa, direban danfo ba ya ganin ƙaramin abu. A bi hanyoyin cikin unguwa, a guji babban titin Abeokuta da sassafe da almuru, kada kuma a ratsa ta gefen tirela ko da tana tsaye.

Daga ƙarshe muna kira ga matasanmu, musamman waɗanda dokar acaɓa ta raba da sana'a, su dubi gyaran waɗannan kekuna da sayar da kayansu. Wanda ya iya babur, keke ba zai gagare shi ba, kuma duk inda masu hawa suka yawaita sai an nemi mai gyara. Ga masu niyyar saye kuma, a tafi da wanda ya san keke, a hau a gwada kafin a biya, kada araha ta ruɗe mu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a neman da ya kawo mu wannan gari, amin. Wassalamu alaikum.